Ƙaramar Rikoda Na Roƙa

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Mayu, 1975

Zuwa ga taubashina Tukur,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin Ingilarka. Mu nan zafi ya kai inda ya kai, sai dai an fara ganin hadari ta gabas. Goggo, tsohuwarka, ta warke daga ciwon ƙafa, har ta taka zuwa suna gidan Atika. Ta ce hoton da ka aiko ka rame, ko Turawa ba su san tuwo ba ne? Na ce mata dama can ba ka da wani auki.

Ina nan gidan surukata Iyatu. Tun da Allah ya yi wa ɗanta rasuwa ba ta yarda in koma gidanmu ba, ni ma ban matsa ba, don makarantar da nake koyarwa ta fi kusa daga nan.

Tunda aikin da aka tura ka koyo na kayan koyarwa ne, ga wata matsala. Akwai wani yaro a ajina, aji shida, maraya ne, kakarsa ke riƙonsa. Ba ya iya karatu. Ba ƙiwa ba ce, kuma ba daƙiƙi ba ne, don duk abin da ya ji sau ɗaya ya zauna masa. Labarun rediyo yakan maimaita su har da tarin mai karantawa. Amma ka buɗe masa littafi, sai zufa. Ya ce mini baƙaƙen ba su tsayawa wuri ɗaya, yawo suke kamar tururuwa. Abin da ya rubuta da safe, shi kansa ba ya gane shi da rana.

Kwanan baya Malama Monica ta zo da rikodar wanta makaranta. Lokacin hutun tara na karanta shafi ɗaya a ciki, a hankali, na kunna wa yaron, na ce ya bi layin da yatsa. Ya yi ta maida kaset baya da kansa, ba mai tsawa, ba mai jiransa. Washegari ya nuna mini kalmomi a allo ya faɗe su daidai. Wallahi sai da na fita bayan aji na share ido. To an yi wa wan Monica canji zuwa Gusau, ya tafi da abinsa.

Roƙona ke nan: ka samo mini ƙaramar rikoda mai batir, da kaset ko kaɗan ne. Kada ka ce in saya a kasuwa. Ka san gidan da nake. Matar mamaci ta shigo da akwatin waƙa da hannunta, kafin magariba an ce zawarci ya motsa. In tsarabar ɗan'uwa ce, Iyatu ba za ta ce komai ba.

Wanda ka tambaya a wasiƙarka, na ɗakin Iyatu, yana nan lafiya.

Uwargijiyarka ko ka ƙi ko ka so,
Sadiyatu

*

Ingila
Yuli, 1975

Zuwa ga Sadiyatu, malamar ƙauye,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai mura da ta maida ni gidanta. Ki gaya wa Inna ban rame ba, rigar ce ta yi mini yawa. Ki gaida Iyatu, ki shafa mini kan Attahiru sarkin surutu. Na san yanzu shi ke koya wa malamansa, yaron da tun yana shekara huɗu yake kama ni da ƙarya.

Na karanta wa malaminmu bayanin yaron ajinki, ya ce a nan suna da suna ga abin, disleksiya. Ba cuta ba ce, ba iska ba ce, kuma bulala ba ta maganinta. Ya ce dabarar da kika yi, kunne na ji yatsa na bin layi, ita suke yi a makarantunsu. Kin ga ashe taubashiyata tana da kai, ban taɓa lura ba.

Amma Sadiyatu, rikoda ɗaya? Ajin da kika ce ya haura yara saba'in? Ke har yanzu tunanin zamanin fitilar aci-bal-bal kike. Ƙasarmu ta yi arzikin mai, gwamnati na shirin sa kowane yaro makaranta, kuma ni aka ɗora wa zaɓen kayan da za a saya wa jiharmu. Na sa sunan makarantarku a sahun farko. Abin da zai zo muku ɗakin sauraro ne sukutum: babban inji na malami, tebura, abin sawa a kunne ga kowane yaro, da kaset da katuna da ƙwararru suka shirya. Na rubuta wa hedimastanku cewa wani ɗalibinki mai wahalar karatu ne sanadi, don a san ke kika jawo musu alheri.

An riga an loda kayan a jirgin ruwa. Kafin ku dawo daga hutu, in Allah ya so, suna Ikko. Ki bar yaron ya yi haƙuri kaɗan, abin da ke zuwa ya fi abin da kika roƙa nesa ba kusa ba.

Ki fara koyon godiya tun yanzu.

Tukur

*

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Satumba, 1975

Tukur,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, Goggo ma. An yi ruwa sosai bana, katangar bayan gidanmu ta zube. Ka ji an yi juyin mulki, mu dai a rediyo muka ji, gari lafiya lau.

Na gode da ɗakin sauraronka. Ban gan shi ba, amma na gode. Ƙarama na ce, Tukur. Makarantarmu ko waya ɗaya ta lantarki babu, da me injin naka zai ci abinci? Hedimasta kuwa tun da takardarka ta zo bai sake zama ba. Ya kwashe 'yan aji biyu ya maida su gindin dogonyaro, ya sa an shafe ɗakinsu da farar ƙasa, ya saya masa kwaɗo. Kullum sai ya buɗe ya leƙa ɗakin da ba kowa.

Takardar nan taka ta yi wa yaron illa. Ka ce wani ɗalibina mai wahalar karatu, to wa bai san ko wane ne ba? Yanzu yara Ɗan Inji suke kiransa. Ya kuma fita hannuna, ya shiga aji bakwai wajen Malam Gambo, mutumin da ya yi imani duk abin da bai shiga ta ido ba zai shiga ta baya. Na kai masa bayanin malaminku, ya ce: "Malama, mu nan sunanta lalaci, kuma muna da maganinta." Rannan na ga yaron yana wanke rigarsa da kansa a bakin rijiya, don kada kakarsa ta ga jinin da ke bayanta. Ya daina maimaita labarun rediyo. In an kunna ma tashi yake.

Ga babbar maganar. Wan ubansa, manomi ne a Wamakko, ya zo ya ce ba zai bari a yi ta dukan maraya a kan abin da Allah bai ba shi ba. Ya ce in har aka kai rani bai ga canji ba, zai ɗauke shi ya koya masa fadama. Jarrabawar shiga sakandare kuwa sai bayan nan. Ba mugu ba ne, kuma shi ke da iko da yaron. Ni ba ni da bakin magana a wurin.

Don Allah, don zumunci, ka sa ƙaramar a jakar duk wanda zai taho gida. Ba na buƙatar ta ƙwararru. Muryata ta isa, in dai zai iya maida ta baya yadda yake so.

Sadiyatu

*

Ingila
Disamba, 1975

Sadiyatu,

Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta Satumba sai makon jiya ta same ni. Na tashi daga gidan da nake, matar gidan ta ajiye ta a kan taga ta manta.

Labarin kaya ba daɗi. Jirginmu na tsaye a teku gaban Ikko, cikin layin jiragen siminti da ba a san ranar sauke su ba. Jami'in da ya sa hannu a takardunmu yana cikin waɗanda sabuwar gwamnati ta sallama, wanda ya gaje shi kuma bai amsa mini ko ɗaya ba.

Ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Rana ɗaya da taki na sami wasiƙar Inna, wadda ta sa aka rubuta mata. A ƙarshe ta ce in yi wa Attahiru addu'a, wai wan ubansa, Malami na Wamakko, zai cire shi daga boko don kansa ba ya ɗauka. Na ajiye tata, na ɗauki taki, na sake ɗauko ta farko. Maraya. Kakarsa ke riƙonsa. Wan uba a Wamakko. Kin ga yana wanki a bakin rijiya, rijiyar gidan wa?

Sadiyatu, ɗanki ne? Attahiru ne Ɗan Inji?

Na san ɗan fari ne. Na san ba kya kama sunansa, ba kya zama kusa da shi, haka uwayenmu suka yi. Amma ni ne fa, Tukur, kuma takarda ce, ba tsakar gida ba. Da kin ce mini nawa ne, wallahi da a makon na sa rikodar a jirgin sama. Na ɗauka aikin aji ne, na yi miki aikin ofis. Raina ya ɓaci da ke, ya fi ɓaci da ni.

Na sayi ƙaramar yau, da kaset da batir. Luka, abokin karatuna mutumin Zuru, zai taho gida farkon Fabrairu, zai kawo miki har ƙofa. Ki roƙi Malami ya ƙara haƙuri. Ki ce ni na roƙa.

Tukur

*

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Maris, 1976

Tukur,

Muna lafiya. Goggo na gaishe ka.

Shi ne. Ka sa na rubuta, to na rubuta.

Kada ka jira in ba ka haƙuri. Ka daɗe cikin mutanen da ke sumbatar 'ya'yansu a titi, ka manta. Tun ranar da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Iyatu. Ita yake kira Inna, ni Adda. In na zauna da shi a tabarma ɗaya da littafi, matan gidan nan za su yi ta tafa hannu har shekara, Iyatu kuma ta ce na nuna ba ta iya riƙo ba. Kana tsammani don me na nemi rikoda? Don in karanta masa a ɗakina, a kai masa ɗakinta, ya ji ni ba tare da an gan ni ba. Hannuna bai iya rubuta maka "ɗana" ba, kamar yadda bakina bai taɓa faɗa ba. Na zuba maka alamu har na ji kunya, kai kuwa kana can kana auna tebura.

Luka ya iso, mutumin kirki. Tashin hankalin da aka yi a Ikko ya sa an rufe filin jirgi, ya makara. Amma ko da bai makara ba, injinka ya riga shi.

Ban san yadda jirginka ya fita daga layin nan ba, amma ƙarshen Janairu aka sauke akwatunan katako a makaranta. Hedimasta ya ce sai an yi bikin buɗewa. Aka aro janareta daga wani ɗan kwangila, aka gayyato manya daga ofis har da wani hafsan soja, aka aika wa iyaye. Malami ya zo da babbar rigarsa. Na je na sami hedimasta na ce kada a taɓa yaron nan, bai taɓa ganin injin ba. Ya ce: "Haba Malama, dominai anka sawo shi, wa za mu nuna in ba shi ba?"

Aka zaunar da shi a teburin gaba, aka kifa masa abin kunne. Janareta na ruri a gindin taga. Kaset ɗin da ƙwararrunka suka shirya, wata Baturiya ce ke magana ta hanci, da sauri, a kan jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara. Ni da ke da takardar malanta da ƙyar na tsinci rabi. Maɓallin tsayarwa kuma yana teburin malami, yaro ba shi da ikon maida komai baya. Da ta gama, hafsan ya miƙa masa katin ya ce ya karanta.

Ya riƙe katin. Ya duba, ya duba. Can sai ya buɗe baki ya fara zubo darasin farko na littafin aji shida, da ka, tiryan-tiryan, yana bin katin da yatsa kamar shi yake karantawa. Yaran da ke leƙe ta taga suka fara fashewa, sannan manya. Malam Gambo ya ce, yadda kowa zai ji: "Wanga ko Ingila anka kai shi, sai dai a yi asarar jirgi."

Malami ya tashi. Bai yi faɗa ba. Ya cire masa abin kunnen a hankali ya ajiye, ya kama hannunsa, ya ce: "Ku riƙe injinku. Ɗan ƙanena ba abin kallo na ba." Suka bi ta gabana. Ina tsaye a layin malamai da kwanon goron baƙi a hannu. Yaron ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na dubi goro. A ranar suka wuce Wamakko, kayansa ma daga baya aka aika.

An mayar da janareta washegari. Ɗakin na kulle.

Rikodarka na cikin akwatina. Tana da kyau.

Sadiyatu

*

Ingila
Afrilu, 1976

Sadiyatu,

Na karanta. Ba ni da abin cewa a kan injin, kuma na daina tsokanarki.

Amma sunansa na cikin masu jarrabawa, ko ba haka ba? To ba a rufe ba tukuna. Ki karanta masa darussan a kaset, da muryarki, yadda kika yi niyya tun farko. Ki kai Wamakko da kanki. In Malami ya ga yaron na bin layi, zai sassauto, na san shi. In kina so in rubuta masa, ko in sa Inna ta je, ki faɗa. Malaminmu ya ce irin waɗannan yara in suka sami hanyarsu sukan yi nisa. Ina roƙonki kada ki bar ta a akwati.

Ki gaishe shi. Ki ce kawunsa ne ya yi wauta, ba shi ba.

Tukur

*

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Mayu, 1976

Tukur,

Gaisuwa. Jikin Iyatu ba daɗi, tun da aka ɗauke yaron ba ta cin kirki. Sauran duk lafiya.

Na yi yadda ka ce. Na rufe ɗaki na karanta darasi uku na littafin aji bakwai, a hankali, ina faɗin inda za a juya shafi. Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Wamakko.

Malami ya karɓe ni da mutunci. Na gaya masa abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa. Ya ce: "Sadiyatu, ni ban ɗaure shi ba. In shina so, ki tahi da shi yau." Na hango shi daga nesa a fadama, yana ban ruwan albasa tare da 'ya'yan gidan. Ya yi baƙi, ya yi ƙwari. Yana ba su wani labari suna ta dariya, irin dariyar da ake yi da mutum, ba wadda ake yi masa ba. Da ya gan ni ya katse labarin, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma. Mutane na wurin. Na ba Rahmatu matar Malami rikodar da littafin, na nuna mata inda ake dannawa, na juyo.

Shekaranjiya direban motar Wamakko ya kawo mini ƙullin tsumma da buhun albasa. A cikin ƙullin, rikodar ce da littafin. Na shiga ɗaki na kunna. Muryata ce, darasi na ɗaya, na biyu, na uku. Inda na tsaya sai na ji ƙarar dannawa, sai numfashi, sai shi.

Darasi na huɗu ya karanta, Tukur. Wanda ban karanta masa ba, wanda bai taɓa ji a bakin kowa ba. Yana tuntuɓe, yana komawa, wata kalmar sai ya yi mata hawa uku, wata ya tsallake ta. Layi shida ya yi, ya ɗauki lokacin da wani zai karanta shafi biyu. Amma karatu ne, ba hadda ba. Na san bambancin, aikina ne.

Na ɗauka ya ƙare ke nan. Sai ya ce:

"Adda, kin ji. Da abin ga ina iyawa, in na maida shi baya. Ki hwaɗa ma Malam Gambo. Amma ba ni komowa. Ko an ɗaure ni ba ni shiga ɗakin nan. Nan ba wanda ka ce man Ɗan Inji. Ki ba wani yaro. A gaida Inna."

Na saurara har batir ya yi sanyi, muryarsa ta koma ta tsoho.

Don haka kada ka rubuta wa Malami, kada ka tayar da Goggo. Ba Malami ya hana ba. Dabarar ta yi, kai da malaminku kuna iya rubutawa a littafinku cewa ta yi. Da ta zo a bara, lokacin da yake maida kaset baya yana murmushi, da yanzu wani zance muke. In an sake ba ka zaɓen kaya, ka tambayi wanda zai yi amfani da su ko hannunsa zai kai ga maɓallin.

Ban kai wa Malam Gambo saƙon ba. Ban ba kowa rikodar ba tukuna, don sai na goge kaset ɗin, kuma ban iya ba.

Jarrabawar ranar Asabar ce. An riga an manna lambobi a tebura, tasa na layi na biyu kusa da taga. Hedimasta ya sa ni cikin masu tsaron ɗakin, na ce to.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Sadiyatu